Masu sayen fili a bayan Kano daga Jidda, a daina auna nisa da ma'aunin nan

Duk wanda ya ɗan kwana biyu a ƙasar nan ta Saudiyya ya san yadda abun yake, da zarar ɗan canji ya fara zama a hannu maganar farko ita ce fili a gida. Sai ƙaninka ko wani dillali ya turo maka bidiyo ta WhatsApp, ga fili shimfiɗe, ga darbejiya can gefe, ga wani ya fara ɗora bulo, ana cewa Alhaji wallahi wajen nan nan da shekara biyu ba zai sayu ba, minti ashirin ne zuwa cikin gari. Kai kuma kana Jidda ka lissafa minti ashirin, ai ko daga Hamdaniyya zuwa Balad ya fi haka, sai ka ce a kama maka biyu. To ni wannan lissafin nake ganin yana cutar da mu. Muna ɗaukar yadda ake auna nisa a nan mu kai shi Kano, abubuwan da ya kamata a ce zaman Jidda ya koya mana kuma su ne muke bari a nan.

A nan nisa ba ya tsorata mutum saboda an sauƙaƙa shi. Litar fetur 91 riyal 2.18 ce, tun Yulin 2021 gwamnati ta tsayar da farashin a haka, ga titin Haramain ga titin Madina, ka hau ka miƙe. Tun Yunin 2018 mata suna tuƙi, to gidan da Allah ya hore wa mota biyu ko maigida yana wajen aiki uwargida za ta kai yara makaranta ta wuce mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ta dawo. Sabbin unguwannin da aka tsara a arewa wajen Abhur sau da yawa za ka ga an fitar da layuka an ja wuta kafin gidajen su cika, nan da nan bagala, wato kantin unguwa, ta buɗe, masallaci ya tashi. Ba wai na ce babu wahala ba, wanda yake bin titin Haramain da safe lokacin makaranta ya san cunkoso, kuma mu baƙi da ake karɓar riyal 400 a wata kan kowane mutum ɗaya na iyali, mafi yawanmu ba sha'awa ce ta kai mu bayan gari ba, kuɗin haya ne ya kore mu. Amma dai hanya tana nan, in ka fita za ka isa.

Kano kuwa mutane ne suke fara zuwa, titi ya biyo baya in ya ga dama. Minti ashirin ɗin dillali a kan mashin ɗinsa ya auna, da rani, wataƙila ma da safiyar Lahadi. Ba da wannan za ka yi lissafi ba, da matarka za ka yi wadda ba ta da mota, da yaranka uku da za su tafi boko da safe su dawo su tafi islamiyya, da mai adaidaitan da zai tsaya a bakin kwalta ya ce Hajiya ni fa ba zan shiga caɓin nan ba sai dai ki ƙara kuɗi. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin Kano, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani cefane na biyu a kowane gida. In harkarka a Kwari take ko Singa kuma ka je ka yi gini can gaba da Janguza ko bayan Zawaciki ko Gunduwawa, abin da ka ji daɗi ka rage a kuɗin fili a hankali za ka biya shi a hanya, kullum, har yaran su girma. Ba a ma maganar daren da naƙuda za ta tashi ana neman wanda zai kai ta asibitin Murtala ko asibitin Malam, kai kuma kana nan sai dai ka yi ta kiran waya. Araha dai ba ta ado.

Abu na farko da nake so a ce mun ɗauko daga Jidda shi ne tsoron hanyar ruwa. Ranar Laraba 25 ga Nuwamban 2009, alhazai suna shirin fita Mina, aka yi ruwan da ya ci mutum sama da 100 a garin nan, kuma inda ya fi yin ɓarna Guwaiza ce da unguwannin gabas da titin Haramain, saboda gidajen a cikin kwari aka gina su. Shekaru ba a ga ruwa ya bi ta wajen ba sai mutane suka ɗauka ya manta hanya, aka yanka aka sayar aka gina. Bayan nan an yi madatsai an yi manyan magudanai, duk da haka ranar 24 ga Nuwamban 2022 da aka samu milimita 179 cikin 'yan awoyi mun ga motoci a kan juna. Wannan fa garin da ruwan sama kwana nawa ne a shekara. Kano da take da damina ta watanni, ga Agusta, amma sai mu sayi fili a watan Maris ta bidiyo, lokacin da ko tsohon kududdufin da aka cike da shara da ɓaraguzai yake fitowa fes kamar filin idi.

Ni dai shawarata ko nawa ake gaggawa a bari sai damina ta zauna, ka samu wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya je da sassafe bayan an kwana ana ruwa. Ya duba katangun maƙwabta, akwai wani layi da danshi yake bari a jikin bulo, ƙasa ya yi duhu sama ya yi fari, nan ruwa yake kaiwa. Ya duba ƙofofin gidaje, in ya ga kowa ya ɗaga dakalinsa sai an taka matakala uku kafin a shiga, ko an jera buhunan yashi a bakin get, to an ba shi amsa ba sai ya tambaya ba. Masu buga bulo na wajen ma sun fi dillali sanin inda ruwa yake kwanciya don su ne suke asara in ya zo.

Na biyu takarda, kuma a nan ne abin yake ba ni mamaki da mu. Mu ne fa muka ga rusau a nan Jidda da idonmu daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, unguwanni sama da 60, Gulail, Petromin, Karantina, Sabil, Hindawiyya, Kandara, wuraren da Hausawa suka yi shekaru aru-aru, wasu kakanninsu ne suka zo a ƙafa ta Sudan suka zauna. A zo a yi rubutu da fenti a jikin bango, a ba da wa'adi, a yanke wuta, katafila ta shigo. Wanda yake da sak, wato takardar mallaka, lissafinsa daban ne da wanda ya yi gini a filin da ba takarda, ɗan haya kuwa sai dai ya kwashe kayansa ya nemi dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya. Haya ta yi tsalle, wasu suka nausa Harazat da Bahra, wasu Makka, wasu suka tattara suka koma gida. Duk mun gani. Amma mutumin da a nan ba zai yarda ya biya hayar shagga, wato fulat, ba sai an shigar da yarjejeniyar a Ejar, tsarin rajistar haya na gwamnati, shi ne zai tura miliyoyi gida a kan awon igiya, da 'yar takarda guda mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu waɗanda ɗaya ma ɗan'uwan mai sayarwar ne.

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar dagaci tana da amfaninta wajen sanin asalin gonar da ko gado ce ba a raba ba, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Akwai KANGIS mai kula da bayanan filaye, akwai KNUPDA mai kula da tsara birane, a je a bincika ko wajen yana cikin wani tsari, ko titi zai bi ta kai, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ne. Na san ba kowa ne yake da kuɗin fili mai lamba ba, rabin Kano ma a awon igiya take zaune kuma mutane suna rayuwarsu lafiya, ban ce haramun ba ne. Amma in za ka saya ka san me ka saya. Mai gona so yake ya fitar da fuloti da yawa, sai ya matse layi har mota biyu ba za su gifta ba, ba a bar wajen makaranta ba, ba a bar kwata ba, maƙabarta ma sai an yi ta neman taimako daga baya. Irin lungunan da aka ce motar kashe gobara ba ta iya shiga a Gulail, su muke biyan kuɗi a yanka mana sababbi a gida.

Maganar ruwan sha da wuta ba sai na daɗe ba. Wanda ya taɓa jiran wayit, wato tankar ruwa, a nan ya san darajar ruwa, to a tambaya rijiyoyin wajen suna kaiwa ƙarshen rani ko kafewa suke, masu burtsatse sun sha wuya kafin su samu ruwa ko a'a, nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka, taransifoma akwai ko har yanzu karo-karo ake. Sola ta rage wahala amma ba ta jawo ruwan da babu a ƙasa.

Inda Kano ta fi nan nesa ba kusa ba shi ne mutane, kuma shi ne muke saurin zubarwa. A imara, wato benen haya na nan, za ka shekara biyar ba ka san sunan na ƙofar da take kallon taka ba, sai dai salamu alaikum a lif, harisi mai gadi ya fi kowa sanin ka. Abin da ya fi ciwo a rusau ma ba ginin ba ne, gine-ginen da yawa dama sun gaji, zaman ne ya watse, da in an yi haihuwa ko rasuwa kafin azahar layi ya cika, mai tsire yana nan mai waina tana nan, yanzu in za a yi biki sai an kama istiraha, wato gidan taro na haya, an turo wa kowa lokeshan. Mun saba da rufe ƙofa har mun fara ganin shi ne ci gaba, shi ya sa za ka ji mutum yana cewa shi so yake ya yi nesa da hayaniya, ya ja doguwar katanga ya sa waya a sama. To Alhaji kai da kake zuwa hutu wata ɗaya a shekara kai ne kake son shirun, ita Hajiya da za ta kwana da yara a gidan da hagu kango dama kango, gaba gonar gero, an tambaye ta kuwa?

Ni a ganina rabin fuloti a unguwar da ta riga ta zauna, irin su Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ko Hotoro ko Medile, ya fi fuloti biyu a inda sai an yi kwatance da bishiya. Ba wai duk unguwar da ta cika ce ta kirki ba, wata cikar ma ita ce matsalar, shi ya sa ake zuwa a yi sallar asuba a masallacin layin a ga sahu nawa ne kuma su waye, a zauna a majalisa bayan isha'i a ji me ake tattaunawa, akwai 'yan sintiri ko babu, ƙwacen waya ya yi yawa ko da sauƙi, ina matasan suke taruwa. Kuma a tura mace ta shiga gida biyu uku ta gaisa, abin da matan layi za su faɗa mata cikin rabin awa namiji ba zai ji shi a wata guda ba.

In kuma ajiyar kuɗi kake so ka yi, wannan magana ce daban, je ka can gaba ka saya da arha, ka tabbatar da takarda, ka zagaye shi ko da layi uku na bulo ne, ka sa wanda zai riƙa leƙawa don kar a sayar wa mutum biyu. Amma gidan da iyali za su zauna, tunda a nan mun saba kama haya shekara guda mu ga yadda unguwa take kafin mu sabunta, ban ga abin da zai hana a yi haka a gida ba. A kama musu haya a unguwar da kake sha'awa su yi damina ɗaya da zangon karatu uku a ciki, kuɗin ginin yana ajiye, in sun ce a saya sai a kira dillali.