Kafin a kawo mana nukiliya, ina za a kai sharar?

Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa ya san warin ruwan da kamfanonin jima ke saki a kwata. An yi shekaru ana ƙorafi, ruwan bai fasa gangarawa kogi ba. Shi ya sa in na ji ana ɗokin tashar lantarkin nukiliya a Geregu ta jihar Kogi ko Itu ta jihar Akwa Ibom, sharar nake fara tunawa.

Mafi muninta shi ne ruwan da ke saura bayan an sake tace makamashin da tasha ta gama ci. Ruwa kuwa, komai daren daɗewa, sai ya huda tanki. Don haka tun 1978 Faransa ta fara mayar da shi gilashi a Marcoule. A Savannah River ta Amurka, tun 1996, ana cakuɗa sharar da garin gilashi mai sinadarin boron, a zuba a tukunya mai bangon bulo, a tura lantarki ta cikin narkakken gilashin har ya kai digiri 1,150. Sai a tsiyaye shi cikin tulunan ƙarfe marar tsatsa, a liƙe bakin da walda. Masagan Bida masu narka kwalabe su yi tsakiya za su gane aikin, sai dai nan ba mai leƙa tukunya. Daga bayan katanga mai kauri ake juya komai da na'ura.

Gilashin fa ba ya kashe gubar, ɗaure ta yake yi don kada ruwa ya kwashe ta. Dole dai a binne tulunan can ƙarƙashin dutse na dubban shekaru. Ita kuma tukunyar ba ta son ɗaukewar wuta, don in ta huce gilashin zai daskare a cikinta. Mu da taransifomar unguwa kan yi wata guda a lalace!

Amurka ma da kuɗinta ta sha wuya. A Hanford, galan miliyan 56 na sharar ke cikin tankuna 177. An fara ginin masana'antar mayar da ita gilashi a 2002, sai 2025 aka soma narkawa, shi ma kason mai sauƙin guba.

A ganina hanyarmu tana Zariya. A 2018 an mayar wa Sin tsohon makamashin ƙaramar na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Bangladesh ma ta sa Rasha ta amince za ta kwashe na tashar Rooppur. In za mu ƙulla da Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, wannan sharaɗin nake son ganin an rubuta kafin a aza tubali ko ɗaya.