Kafin ka goya jaka ka ce sai Mambilla

Ƙannena samarin Kaduna, har da ku 'yan mata da yanzu ba a bar ku a baya ba, ina ganin hotunanku. Wannan Asabar kuna kan Dutsen Kufena a Zariya, wata Asabar kuna gidan dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina, jibi kuma an hango ku ƙarƙashin ruwan Matsirga ta wajen Kafanchan, kowa da jakar goyo da gilashi da sanda. Abin yana burge ni, wallahi. Ya fi zaman majalisa daga La'asar har Isha ana yi da mutane. Amma da na ji wasunku sun fara haɗa kuɗi za su tudun Mambilla na jihar Taraba a tsakiyar damina, sai na ga shiruna zai zama cin amana, don ni na je, kuma na ji a jikina.

Mu huɗu ne. A watan Agusta muka tashi daga Kaduna, muka kwana Jalingo, washegari muka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya. Daga Mayo Selbe mota ta fara hawa, kwana kan kwana, rami a gefe guda, dutse a ɗaya gefen, kowa ya yi tsit sai salati. Ɗaya daga cikinmu, bari na kira shi Sarkin Gayu, riguna uku masu gajeren hannu ya ɗauko da farin kambas sabo fil. Da muka ce masa ya sa rigar sanyi sai ya ce, "Ba dai Najeriya ba ce?" To Najeriyar ce, amma tudun nan ya haura mita 1,500 daga doron teku, kuma Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, yana can yankin. Kafin mu shiga Gembu haƙoransa sun fara kaɗawa. Bargon masaukinmu ya yafa ya fita neman shayi da shi.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na rana ta uku.

Mun hango wani tudu kore shar, muka ce mu je mu dawo kafin Azahar. Mai masaukinmu, dattijo ne, ya ce mu ɗauki yaronsa ya raka mu, mu ba shi ɗan wani abu. Muka ƙi. Ni da bakina na ce ai akwai taswira a waya. Kuɗin da muka yi wa rowa bai kai na suyar da muke ci a dare ɗaya a Kaduna ba. Muka tsallake wani rafi da ruwansa bai wuce idon sawu ba, muka hau, muka yi hotuna son ranmu. Sai hazo ya sauko. Ba irin hazon hunturunmu mai ƙura ba ne, wannan girgije ne da kansa, fari, mai laima, wanda ke gabanka da taku biyar ba ka ganinsa. Ruwa ya biyo baya. Da muka lalubo rafin nan mun tarar ya kai ƙugu, ja-ja-wur, yana tafe da itace. Sarkin Gayu ya sa ƙafa don gwaji, ruwa ya zare masa kambas ɗaya ya wuce da shi. Sabis babu, wayoyi biyu sun mutu, ta uku ta sha ruwa. Wani makiyayi ne ya ji hayaniyarmu ya zo ya ja mu zuwa rugarsu. Aka hura mana wuta, aka ba mu madara mai ɗumi a ƙwarya, muka kwana kan tabarma muna rawar ɗari. Mutumin nan bai tambaye mu sisi ba. Abin da kawai ya ce shi ne, wa ya bar ku kuka hau ku kaɗai?

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Taswirar waya ta san sunan gari, amma ba ta san wane rafi ne ke cika cikin rabin awa ba. Yaron da muka raina ya sani.

Sai dai abin da har yau nake jin kunyarsa daban ne. Na ce wa Hajiyarmu Jos zan je bikin aboki, don na san in na ce Taraba ba za ta bari ba. Kwana biyu ba a same ni a waya ba. Ta sa yayana ya kira duk wanda aka sani a Jos, babu wanda ya gan ni. Ku da kanku kun san abin da iyaye ke fara kawowa a ransu a Kaduna in aka ce ba a samun yaro a waya, musamman tun bayan harin jirgin ƙasan Abuja na ranar 28 ga Maris, 2022. Ta kwana kan sallaya. Da na dawo ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Da ka mutu can, a Jos za mu je neman gawarka." Don Allah, ko za a hana ka, faɗi gaskiyar inda za ka. In an hana, ka haƙura, dutse ba ya gudu. In an bari, rubuta sunan gari da lambar masauki da ranar dawowa ka bar su a gida.

Kuma ku tambayi hanya kafin ku tambayi kyan wuri. Gandun Kamuku yana nan jiharmu ta wajen Birnin Gwari, amma mai hankali ba ya goya jaka ya nufi can don kawai ya ga hoto a Facebook. A tasha, direbobin da ke bin hanya kullum su ne za su gaya maka inda ake bi da inda ba a bi, da lokacin da ba a wucewa.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da ke kayar da babban mutum. Kwana goma sha ɗaya da dawowarmu zazzaɓi ya kwantar da ni, kuma ina kyautata zaton sauron Serti ne, inda muka kwana babu gidan sauro don na ce yana cika jaka. Cizon yau ba ya nunawa gobe, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa in ka dawo daga tafiya ka ji jikinka ba daidai ba, je a yi maka gwaji, kar ka tsaya kan farasitamol. Ruwan rafi komai garai-garai ɗinsa a tafasa shi. Wanka a kududdufi ko tafkin da ba ya gudu yana jawo tsargiya. In gudawa ta kama ɗayanku a inda babu kemis, ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In maciji ne, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaurin nan mai tsanani, a hana wurin motsi a nemi asibiti. Ku riƙe tsabar kuɗi a wuri biyu, don mai POS ba ya aiki inda babu sabis, wanda ya ga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Masu shirin Kwatano ko Akara ta Seme, ku nemi katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever) da wuri, sai bayan kwana goma da yin allurar yake fara aiki, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tafiya wani yanki ne na azaba, ya kuma yi umarni in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Mu da muka tafi babu shugaba, a bakin rafin nan kowa nasa yake faɗa, wannan ya ce a tsallaka, wancan ya ce a koma. Ku zaɓi mai sanyin kai, ba mai babbar kyamara ba. Ku koyi hukuncin ƙasaru da haɗa salla wajen malami tun a gida, don na ga waɗanda suka bar Azahar da La'asar a kan dutse wai suna tafiya.

In kun matsa sai Mambilla, ku bari ruwa ya ɗauke, wajen Disamba ko Janairu. Ku shiga Kasuwar Barci ku zaɓi rigar sanyi mai kauri da takalmi mai kaushin ƙasa, ku yi mako biyu kuna yawo da shi a unguwa kafin tafiya don ya saba da ƙafa. Kayan sawa da waya kuma a ƙulle su cikin leda kafin a sa a jaka. Sarkin Gayu har yanzu yana ajiye da kambas ɗinsa ƙafa ɗaya a saman kwaba, wanda ke son gani ya yi min magana in kai shi.