Yunwar damina da haƙƙin da ke wuyanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwana na Tawa da kewaye, da ku 'yan Adar mazauna Yamai, da waɗanda bida ta kai Abijan da Legas da Libiya.

A cikin Suratul Balad, da Allah Maɗaukaki Ya tashi bayyana mana tudun nan mai wuyar hawa da ɗan Adam ya ƙi kutsawa, Ya ambaci 'yanta bawa, sannan Ya ambaci ciyarwa a ranar yunwa, ga maraya makusanci ko miskinin da talauci ya manna da ƙasa. To mu a ƙasar nan babu wanda zai ce bai san lokacin wannan rana ba. Tana kama mutane tun ruwan shuka ya sauka a watan shida, ta yi tsanani a watan bakwai da na takwas, ba ta sakinsu sai sabon gero ya nuna. Daji ya yi kore shar, mai wucewa cikin mota ya ce masha Allah, alhali rumbu wayam. Kuma a daidai lokacin ne ake noman farko da maimai, aikin da ya fi kowane cin ƙarfi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Magidanci ya tashi da asuba, ya wuce gonarsa yana kallonta, ya tafi barema gonar wani don ya samo tiya ɗaya ta daren ranar. Kafin ya waiwayi tasa ciyawa ta rufe ta. Kaka ta zo ya ɗaure abin da bai kai ya kawo ba, baɗi kuma yunwa ta riga ta bana shigowa gidansa.

Mu kuwa alherinmu mun ɗaure shi da watan azumi. Madalla da ciyarwar azumi, Allah Ya karɓa. Amma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tun kafin bazara ta yi nisa, lokacin da gidaje da yawa ke da sauran abin daka. Ana gama salla sai a naɗe tabarma, a rufe aljihu sai wata shekara. Watan takwas babu mai raba shinkafa a bakin masallaci.

Dattawanmu sun ba shekarun yunwa sunaye don kada a manta. Akwai Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Akwai farin 1973 da 1974, wanda ya ƙarar da garken makiyaya, har batun abincin taimako ya shiga cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar da suka kifar da Diori Hamani a watan huɗu na 1974. Akwai El Buhari ta 1984 zuwa 1985. Amma wadda nake so mu tsaya a kanta ita ce ta 2005, don da yawa daga cikinmu sun ganta da idonsu. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka. Giɓin hatsin da aka lissafa a ƙasa baki ɗaya wajen tan dubu 223 ne, bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da ake ci a shekara ba. Duk da haka sama da mutum miliyan 3 suka shiga uku, Maraɗi da Damagaram da Tawa suka cika da yara masu tamowa. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, buhu kan buhu, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Makiyayi ya kawo akuya daga Abalak, abin da aka ba shi bai sai masa gero na kwana nawa ba. Fari daga Allah ne, babu mai musu. Amma tsakanin fari da mutuwar yaro akwai hannayen mutane da yawa, kuma kowane hannu za a tambaye shi.

Bari in fara da ku 'yan kasuwar hatsi, kuma ku yi mini uzuri. Saye da kaka a ajiye ba haramun ba ne a karan kansa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara, kuma Annabi Yusuf da ajiya ya tserar da Masar, ya ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa, dabarar da rumbunan kakanninmu suka ginu a kanta. Ɗan kasuwar da ya ɗauko gero daga inda ya yi yawa ya kai inda babu, alheri ya yi wa jama'a. Abin da aka tsawatar a kai shi ne ka kulle magaza alhali mutane na nema, kana jiran tiya ta ƙara hawa. Hadisi ne a Muslim: babu mai ɓoye abinci sai mai saɓo. Alhaji, in har labarin ruwa ya yi jinkiri a Keita ko Buza yana sa ka ji sanyi a ranka saboda abin da ke cikin magazarka, to ka binciki zuciyarka tun kafin a bincike ta.

Wanda ya fi wannan muni shi ne bashin nan da ake kira a ci ba daɗi. Ka ba mutum buhu ɗaya a watan bakwai, ya biya ka biyu da kaka, ko ka sayi amfanin gonarsa tun yana kore a kan kuɗin da kai ma ka san zalunci ne, don ka ga idonsa ya raina fata. Wasu har su ce taimako suka yi. Hatsi da hatsi, jinsi ɗaya, da ƙari, riba ce ƙarara, ko da an yi ta a zauren liman. In kana son ladan taimako, ba shi tiya ya maido tiya. In ya kasa, Alƙur'ani ya ce a jira shi har ya samu sauƙi, kuma a yafe ya fi alheri.

Sai zakkar gona, wadda ta fara zama kamar al'adar tsofaffi. Allah Ya ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa. Wanda ya samu ausuƙi 5, wato sa'i 300, abin da malamai da dama ke ƙiyastawa wajen kilo 650, zai fitar da ɗaya cikin 10 in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 in da wahalar ban ruwa aka yi. Gero da dawa da wake duk suna ciki. Manyan manoma nawa ne yau ke ware damin zakka kafin a kai gida? Wasu sukan fitar, amma su miƙa wa wanda zai yi musu kirari ko surukin da ba ya cikin masu haƙƙi. Ku kuma masu albasa na Galmi da fadamun Madawa, gaskiya ne a Malikiyya babu zakka a kan ita albasar kanta, amma kuɗinta in ya kai nisabi ya shekara a hannu, da sauran magana. Kuma ko ba zakka, maƙwabci ba ya jiran nisabi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Mai yunwar gaske sau da yawa ba shi ne ke tare ka a tasha ba. Suratul Baƙara ta siffanta su: wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙo, da alamarsu ake gane su. Alamar kuwa ba ta ɓuya ga mai lura. Gidan da aka daina jin turmi da hantsi. Gidan da hayaƙi ba ya tashi da maraice. Matar da mijinta ya tafi bida ya yi shiru, ta sayar da tunkiya, ta sayar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya, in ka gaishe ta ta ce lafiya lau, sai godiya. Na taɓa shiga wani gida a ƙauye gabas da Tawa, na tarar da tsohuwa tana tsiyaye ruwa daga ƙwaryar anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa. Kwana da kwanaki ake jiƙa ta ana sauya ruwa kafin ɗacin ya ragu a iya kai ta baki. Jikokinta na zaune kusa da ita, ba kuka ba wasa, gashin ƙaramin ya yi ja ya yi laushi. Ta yi mini maraba, har tana ba ni haƙuri wai babu fura. Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan da aka yi suna a makon, aka yanka rago.

Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ba mumini ba ne wanda zai ƙoshi alhali maƙwabcinsa na gefensa yana jin yunwa. Ya ce wa Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Ya yabi Ash'ariyawa, wata ƙabila cikin sahabbansa, waɗanda in abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da kowa ke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, ya ce su nasa ne, shi nasu ne. Bankin hatsi na gari ko na unguwa, in an riƙe shi da amana, ai wannan sunnar ce: a zuba da kaka, a buɗe da damina. Wurare da yawa ya mutu ne ba don rashin hatsi ba, sai don masu riƙe da mabuɗi. Haka wanda aka damƙa wa buhunan da gwamnati ke saidawa da rahusa, ya karkatar da su kasuwa da dare, ya sani cikin marayu ya zuba hannu.

Ga kuma baƙin da rashin tsaro ya koro, daga Tiliya da Tasara, da waɗanda suka tsallako iyaka zuwa yankin Kwanni da Bangi. Ba su da gona, ba su da rumbu, ba su da dangin da za su leƙa.

Ku 'yan uwa na Yamai da na waje, kuɗin da kuke aikowa ya riƙe gidaje da yawa, Allah Ya saka. Amma ku dubi lokaci. Jika goma da aka aiko da kaka aka sayi gero aka ajiye ta fi wadda za ta iso a watan takwas auki nesa ba kusa ba. Ku kira gida ku tambayi mata, ba maza kaɗai ba, don su ne suka san abin da ya rage a ƙasan rumbu. In za ku bayar, ku bar wayar a aljihu, babu buƙatar hoton tsohuwa riƙe da buhu a Facebook.

Iyaye mata kuma, yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina sha'awar abinci, kada a tsaya ana cewa haƙori ne ko kambun baka. A kai shi likita a auna damtsensa. In awon ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, kuma maganinta kyauta ake bayarwa. Abincin nan na leda da ake ba shi magani ne, nasa ne shi kaɗai, ba na rabawa da yayyensa ba ne, balle a kai shi tebur a sayar. Uwar da ta raba shi kuwa, kafin ka zage ta, ka tambayi abin da sauran yaran suka ci jiya, ka aika mata da tiya biyu.