Nasiha Ga Masu Cewa "Ai A Kwamfutata Yana Aiki"

Ƙannena masu rubuta manhaja, don Allah mu rage wannan magana. Yawancinmu a Windows muke rubutu, alhali saba, wato kwamfutar da za a ɗora aikin a kanta don jama'a su yi amfani da shi, galibi Linux ce, kuma ba hanya ɗaya suke bi wajen nemo fayil ba.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne babban baƙi da ƙarami. Sunan fayil ɗinka user.js, amma wajen kiransa a cikin manhajar ka rubuta require('./User'). Windows za ta kawo maka shi ba gardama, haka ma macOS yadda take fitowa daga kamfani. A wurin Linux kuwa User daban, user daban. Sai Node.js, wanda ke gudanar da manhajar, ya ce bai ga modul ba, wato ɓangaren manhajar da ka kira, ga wanda ya ba ka aikin yana ta buga maka waya. Ko ka gyara sunan ma, Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aikinka, a Windows yakan ƙi lura da canjin, sai ka sauya sunan da umarnin git mv.

Kada ka raina wannan, manya ma sai da suka zauna a kansa. Tun 2001 Python, yaren rubuta manhaja, ta fitar da takardar ƙa'ida mai suna PEP 235, ta ɗora wa kanta duba babban baƙi da ƙarami a sunan modul ko da tsarin kwamfutar bai damu ba. Go kuma, wani yaren rubuta manhaja, a ma'ajiyar modul ɗinta, takan mayar da babban baƙi ƙarami ta sa masa alamar motsin rai a gaba, shi ya sa za ka ga Azure ya koma !azure. Kai dai ka rubuta sunayen fayil da ƙananan baƙaƙe ka huta.

Ka kuma daina haɗa hanyar fayil, wato adireshinsa a cikin kwamfuta, da hannu. Windows da \ take rabawa, Linux da /. Akwai path.join a Node.js, akwai pathlib a Python tun sigar 3.4 ta 2014. Wahalar me kake nema? Sunaye irin su con, aux da nul kuma ka kauce musu, Windows ta keɓe su tun zamanin DOS, tsarin da ya gabace ta.

Sai ɗabi'ar kwafar node_modules, wato foldar modul ɗin da aka sauke daga intanet, a filas daga kwamfutar aboki. Na san tsadar data ce ke jawo hakan, ba son rai ba. Amma wasu modul ɗin suna ɗauke da ɓangaren da aka gina don tsari guda kawai, wanda aka gina wa Windows ba zai tashi a Linux ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar ɗorawa a saba asiri zai tonu. Ka tura package-lock.json, fayil ɗin da ke lissafa modul ɗin da aikin ke buƙata, a buga umarnin npm ci a can ya sauke su.

Kafin ka miƙa aiki, ka gwada shi a Linux. Za ka iya saka WSL, wadda ke gudanar da Linux a cikin Windows ɗinka, kuma GitHub Actions, sashen shafin GitHub mai gwada aiki da kansa, zai gwada maka a Windows da Linux da macOS lokaci guda, kyauta ne idan ma'ajiyar aikinka a GitHub a buɗe take ga kowa.