Chi-Ha, Sherman da Ƙorafina Guda Biyu

A wasan yaƙin tankoki da nake bugawa a intanet, masu tsara shi sun raba tankoki mataki-mataki, ta yadda Type 97 Chi-Ha, tankar Japan ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, takan haɗu da tsararta, wato ƙananan tankoki irin su Stuart ta Amurka. Ni kuwa na ɗauki wannan rabo a matsayin raini ga gwanintata, don haka na gayyaci wani abokina muka buɗe fage na mu biyu, shi a kan M4 Sherman ta Amurka, ni a kan Chi-Ha.

Ya kamata mai karatu ya san abin da na hau. Chi-Ha tana da nauyin kusan tan 15, sulkenta bai wuce milimita 25 ba a inda ya fi kauri, igwarta kuma gajeriya ce mai faɗin milimita 57, wadda aka ƙera domin taimaka wa sojan ƙasa, ba domin huda tankoki ba. Sherman ta ninka ta nauyi, tana ɗauke da igwa mai milimita 75, sulken gabanta ya kai kusan milimita 50, kuma a karkace yake. Dalilin wannan tazara sananne ne, domin Japan ta fi zuba ƙarfenta a jiragen ruwan yaƙi irin su Yamato, tankokinta kuma an yi su ne da tunanin yaƙi a China.

Na lallaɓa ta bayan wani gini, na saita, na harba. Harsashina ya bugi goshin Sherman ya yi tsalle ya tafi, kamar wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga ba gidan ba ne. Abokina ya juyo da igwarsa a natse ya rama, sai ga abin mamaki: harsashinsa na huda sulke ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan, bai taɓa inji ba, bai taɓa kowa ba. Na kwashe da dariya, na ce masa, "Malam, ai rashin kauri ma dabara ce, kai ne ba ka karanta ba."

Ashe ya karanta. Ya tuna mini cewa a yaƙin tekun Pasifik sojojin tankokin Amurka sun gamu da irin wannan matsala, shi ya sa suka riƙa amfani da harsashi mai fashewa a kan tankokin Japan. Bai rufe baki ba sai na ga hasumiyar tankata a sama.

Nan take na rubuta wa masu wasan dogon ƙorafi cewa Sherman ta yi ƙarfi fiye da ƙima, a rage mata. Sannan na nemi mu yi musaya, domin a ga adalci. Ya yarda, bisa sharaɗin zai hau Chi-Ha ɗin da aka gyara a 1942, mai doguwar igwa ta milimita 47, wadda ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Na fito tsakiyar fage da isa, ina tafe ina waige, na manta cewa Sherman doguwa ce, tsayinta ya kusan mita 3, ana hango ta daga nesa, kuma sulken gefenta milimita 38 ne kacal, a miƙe, ga harsasai jibge a bayansa a samfuran farko. Abokina ya kwanta a bayan tudu har na wuce shi, sannan ya sakar mini ɗaya a haƙarƙari, tankar ta kama da wuta.

Da daddare na aika da ƙorafi na biyu, ina neman a ƙara wa Sherman sulke a gefe, a kuma duba igwar Japan da ta yi ƙarfi fiye da ƙima. Amsa ɗaya suka turo mini a kan takardun biyu, suna tambaya cikin ladabi ko wani ne yake amfani da asusuna ba da sanina ba.