Karatu kuke koya wa yaro ko caca?

Raina a ɓace yake. Buhun gero na sayar na cika kuɗin wayar da ɗana zai yi shirin jarrabawar JAMB da ita, abokansa suka sa masa wata manhajar lissafi da Turanci. Ashe da kuɗina na sayo fitina.

Kullum ya shiga sai ta ƙara masa kwana ɗaya a lissafin kwanakin da ya jera yana shiga, ta watsa masa taurari, ta jera sunansa da na yaran birni waɗanda wuta ba ta yanke musu. Ya tsallake rana guda, ta share komai. Mu nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim ko turken wuta babu. Caji sai shagon mai janareta, sabis sai an hau tudun bayan makaranta, data kuwa tun ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025 ta zama abin lallaɓawa.

Makon jiya aka yi ruwa da iska, sabis ya ɗauke kwana biyu. Kwana 63 da ya tara suka koma sifili. Saurayi ɗan shekara 17, na tarar da shi a zaure ido jawur, tuwo ya huce a gabansa. "Baba, wai in na biya za su mayar mini." In ka biya! Masu manhajar su suka ƙirƙiro asarar, su ke sayar da maganinta.

Na karɓi wayar na duba. Wallahi tambayoyi masu sauƙi yake ta maimaitawa don maki ya taru, masu wuyar kuwa, waɗanda zai tarar a ɗakin jarrabawa, gudunsu yake kada matsayinsa ya sauka.

Kuma kada a ce ba su sani ba. Tun 1971 Edward Deci, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gwada: ɗaliban da aka biya su warware wasan ƙwaƙwalwa, da aka daina biya sai sha'awarsu ta ragu. Maƙeran manhajar nan sun fi ni sanin haka, suka zaɓi abin da zai ɗaure yaro a waya.

Mu ma mun san lada a karatu. A makarantar allo ana yanka rago ranar sauka, amma sai Malam ya saurari karatunka da kunnensa. Wanda zazzaɓi ya kwantar kwana biyu, daga inda ya tsaya yake ɗorawa, babu mai mayar da shi Fatiha, balle a ce ya kawo kuɗi.

Na ce masa ya goge ta. Ya ce in bari, ya riga ya sake tara kwana huɗu.