Sulhun Zamfara da darasin da Saliyo ta saya da tsada

Duk lokacin da maganar sulhu ta taso a Gusau, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce a zauna da 'yan bindiga ko don manomi ya samu shiga gonarsa, wasu su ce ba abin da ya dace da su sai wuta. A ganina gardamar ta ƙi gaba ne saboda ba mu waiwayi waɗanda suka riga mu faɗawa cikin irin wannan masifa suka fita ba. Saliyo na nan cikin Afirka ta Yamma, kuma sojojinmu na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, sun zubar da jininsu a can.

Yaƙin basasar Saliyo ya fara a 1991. 'Yan tawayen RUF ƙarƙashin Foday Sankoh sun riƙa datse wa fararen hula hannuwa, suna ɗibar yara ƙanana suna rataya musu bindiga, kuɗin makamai kuwa daga ramukan lu'ulu'u yake fitowa. A Yulin 1999 aka sa hannu a yarjejeniyar Lome. Aka yafe wa Sankoh, aka ba shi shugabancin hukumar ma'adinai, da matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa. An dai ba kura ajiyar nama. Ba a shekara ba, a Mayun 2000, mayaƙansa suka kame sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a gare mu. A 2016 gwamnatin Abdul'aziz Yari ta yi sulhu da Buharin Daji, jagoran 'yan bindiga, aka karɓi makamai, aka ɗan sarara, sannan wuta ta sake tashi. A 2019 Bello Matawalle ya sake gwadawa, har a 2020 ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya ajiye AK-47. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. A 2022 aka naɗa wani jagoran 'yan bindiga, Ado Aleru, Sarkin Fulani a 'Yandoto, jama'a suka yi ca, aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Duk waɗannan yarjejeniyoyi da shugabannin daba aka ƙulla su. Ba a tambayi yaron da ke riƙe da bindigar me zai ci gobe ba, balle matar da aka kashe wa miji.

Abin da ya kwantar da Saliyo aiki ne mai wuya, wanda ba a gama shi a rana ɗaya a gaban 'yan jarida. Kafin Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya bayyana ƙarshen yaƙin a Janairun 2002, an kwance ɗamarar mayaƙa fiye da 70,000, kuma daga kowane ɓangare, har da Kamajo, mafarautan da suka tashi kare garuruwansu kamar 'yan sa-kanmu. A nan nake so mu tsaya mu yi tunani. Bafulatanin da aka kashe wa ɗan'uwa a kasuwa ba tare da shari'a ba, aka kuma nome masa burtali, ba zai miƙa bindiga ba muddin wanda ya yi masa haka na riƙe da tasa. Haka manomin Tsafe ko Maru da ke biyan haraji kafin ya yi shuka a gonar gadonsa ba zai yarda da sulhun da ya bar mai karɓar harajin da makami ba.

An koya wa tsofaffin mayaƙan Saliyo sana'o'i. Horon ya yi gajere, wasu ma sun sayar da kayan aikin da aka ba su, amma da yawa sun koma kabu-kabu a Bo da Makeni suna ciyar da kansu. Manyan masu laifi kuwa kotu ta musamman aka kafa musu, wadda a 2012 ta yanke wa Charles Taylor, tsohon shugaban Laberiya da ya taimaki RUF, ɗaurin shekara 50. Sai abin da ya fi taɓa ni: daga 2008 shirin Fambul Tok, wato zancen dangi, ya riƙa tara mutanen ƙauye da dare a bakin wuta, wanda aka zalunta ya faɗi abin da aka yi masa, wanda ya aikata ya amsa da bakinsa a gaban kowa. Muna da dagatai, da arɗo, da limamai da za su iya jagorantar irin wannan zama, da diyya kamar yadda addini ya tsara.

Za a ce 'yan bindigar Zamfara ba su da shugaba ɗaya kamar RUF. Gaskiya ne, kuma wannan ya ƙara nuna cewa sa hannun mutum ɗaya ba zai wadatar ba, sai an bi gari gari, ruga ruga.

Saura zancen zinari. Hukumar binciken gaskiya ta Saliyo, a rahotonta na 2004, ta ɗora tushen yaƙin a kan rashawa, da mugun mulki, da watsi da matasa. Shi ya sa yadda za a tafiyar da zinarin Zamfara yake da muhimmanci. A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Mutanen Anka da Bukkuyum, waɗanda gubar dalma ta aikin zinari ta kashe wa yara fiye da 400 a 2010, suna da haƙƙin sanin su wa aka ba lasisi, matasan yankin nawa za a ɗauka aiki, kuma nawa za a ware wa asibiti da makaranta a garuruwan da ake haƙar.